Gida Ya Ƙone Ko Ya Rushe a Damagaram: Yadda Za Ka Gane Iyakar Abin da Inshora Za Ta Biya Ka

Tun daminar 2024, wadda ta kwantar da gidaje masu yawa a Damagaram har da tsohon masallacin Birni a farkon watan Satumba, tambayoyin da ke zo mana a kan inshorar gida, asiransi kamar yadda aka fi faɗa a nan, kusan iri ɗaya ne. Takarda ta ce miliyan 15, gida ya tafi, kamfani kuma ya ce miliyan 9 zai bayar, ko ma ya ce babu ko dala. Mai gida sai ya ga an cuce shi. Wani lokaci akwai cutar. Amma galibi lissafi ne da ke rubuce tun ranar sa hannu, ba wanda ya zaunar da shi ya karanta masa.

Adadin da ke kan takarda iyaka ce da kamfani ba zai tsallake ba. Tsakaninsa da abin da zai shiga hannunka akwai matakai, kowanne na iya rage wani abu, a kowanne kuma akwai abin da za ka yi don kada ragin ya wuce ƙa'ida. Dokar da ke aiki a Nijar ita ce kundin CIMA, wanda ƙasashen yankin kuɗin CFA ke amfani da shi tun 1995, kuma ayoyin da za mu ambata daga cikinsa suke. Da yake takardun da Faransanci ake rubuta su, za mu kawo kalmomin yadda za ka gan su a shafi. Ga wanda abin ya shafa, Allah ya mayar da alheri.

1. Kwana biyar na farko

Bayan an fitar da mutane, ƴan kwana-kwana sun kashe wuta (lambarsu 18), an yanke kuran daga kontar, an nisanta butalin gaz, aikin farko shi ne hoto. Ɗauki bidiyo da salula, ka faro daga ƙofar gida, zaure, tsakar gida, ɗaki bayan ɗaki, kana faɗin kwanan wata da sunan kowane wuri da bakinka. Sannan ka matsa kusa: tol da ya lanƙwashe, azara ko katakon rufi, wayoyin kuran, gawar firigo da ta talabijin, ƙarafan gado. In ruwa ne, ka ɗauki zanen da ya bari a bango, ka jingina sanda ko mita a jikinsa don a ga tsawonsa. Tura duka zuwa wayar wani ɗan'uwa a ranar.

Gargaɗi: kada a share wurin. Al'adarmu ce maƙwabta su taru washegari su kwashe toka da ɓaraguzai, masu sayen tsofaffin ƙarafa kuma su zo tayin tol. Zumunci ne, amma hujjarka ake kwashewa. Roƙe su su dakata har mai ƙiyasin kamfani ya gani da idonsa. Abin da ya tsira a ware shi gefe a rufe da tamfal, domin kare shi nauyinka ne. Bangon da ke shirin faɗa wa mutane a kayar da shi, bayan an ɗauki hotonsa.

Sai sanarwa, déclaration de sinistre. Aya ta 12 ta ce wa'adin da yarjejeniya za ta ba ka ba zai gaza kwanakin aiki biyar ba daga lokacin da ka san abin ya faru, in kuma sata ce awa 48 ne. Rubuta wasiƙa gajera: lambar yarjejeniya, rana da lokaci, abin da ya faru, abin da ya lalace a dunƙule, lambar wayarka. Yi kwafi biyu, ka kai ofishin kamfanin ko na wakilinsa, su buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka.

Gargaɗi: kiran waya ko saƙon WhatsApp ga wanda ya sayar maka da inshorar ba sanarwa ba ce da za ka iya kafa hujja da ita. Kada ka rubuta adadin kuɗi a wannan wasiƙa, kada kuma ka yi hasashen musabbabi. In ba ka san abin da ya tada wutar ba, rubuta cewa ana bincike. Wanda wa'adi ya wuce shi kada ya karaya: a aya ta 20, kamfani ba zai hana ka haƙƙi saboda jinkiri ba sai ya nuna jinkirin ya jawo masa asara.

A cikin makon nan ka nemi takardar shaidar zuwan ƴan kwana-kwana da rahoton ƴan sanda ko jandarmomi. In asarar babba ce, ɗauko huissier, ma'aikacin shari'a mai rubuta shaida, ya rubuta constat, wato takardar abin da ya gani da idonsa. Kuɗi ne daga aljihunka, ka yi ciniki kafin ya fito, amma takardarsa na da nauyi a gaban alƙali. Rajistar da mai unguwa da ma'aikatar magajin gari ke yi bayan ambaliya ta tallafi ce, ba ta maye gurbin sanar da kamfani.

2. Haɗa takardun yarjejeniya

Huɗu ne: conditions particulières, shafi ɗaya zuwa uku masu sunanka da adadin kuɗi, conditions générales, ɗan littafin sharuɗɗa, duk wani avenant, wato gyaran da aka yi daga baya, da rasin biyan kuɗin shekara. In sun ƙone tare da gidan, kamfani na da kwafi, ka nema a rubuce.

Fara duba rasi da kwanakin. Tun gyaran da aka yi wa aya ta 13 a 2011, inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. Wanda ya ce wa wakili “zan kawo bayan salla” bai da kariya a tsakanin. Duba sunan da ke kai, da lambar îlot da parcelle, ko sun yi daidai da gidan da ya lalace. Za a kuma tambaye ka shaidar mallaka, acte de cession ko titre foncier.

In mai sunan ya rasu, aya ta 40 ta ce inshorar na ci gaba ga magada, sai dai kamfani zai nemi takardar gado da wakilin da iyali suka naɗa. A fara nemanta da wuri, don ita ce ke yawan tsayar da biya a gidajen gado. Ɗan haya kuma ya sani inshorarsa ta kayansa ce da alhakinsa ga mai gida. Ginin na mai gida ne.

3. Abin da ya ci gidan yana cikin yarjejeniya?

A nan ne wasu ke tashi hannu wofi, don haka kada ka fara lissafin kuɗi sai ka wuce wannan. A conditions particulières akwai jerin garanties, wato abubuwan da inshorar ke karewa, gaban kowanne an rubuta garanti (an ɗauka) ko exclu (an fitar). Abin da ba a rubuta an ɗauka ba, ba a ɗauka ba.

Gobara ita ce ginshiƙi, galibi tare da fashewar gaz da faɗuwar tsawa. Aya ta 47 ta haɗa da ɓarnar da aka yi wajen ceto, kamar ƙofar da aka fasa da kayan da ruwan kashe wuta ya jiƙa. Aya ta 48 ta ce kayan da suka ɓace a lokacin gobarar kamfani ne zai biya, sai in ya tabbatar sace su aka yi. Amma kuran da ya dawo da ƙarfi ya kashe firigo da kilim ba tare da wuta ta tashi ba, wannan dommages électriques ne, sashe daban mai iyakarsa daban.

Ruwa shi ne babban tarko. Dégâts des eaux na nufin famfon da ya fashe ko tankin da ya yi ambaliya a cikin gida. Ruwan sama da ya cika tafki ko kwalbati ya shigo unguwa, ya jiƙa gindin bango har ya zauna, inondation ne, kuma sai an rubuta shi da sunansa. Iskar da ta yaye rufi tempête ce, ita ma da nata layin, sau da yawa da sharaɗin cewa ginin na siminti ne kuma an ɗaure rufin yadda ya kamata. Tarzoma da yaƙi, aya ta 38 ta fitar da su sai in an yi yarjejeniya ta musamman.

Gargaɗi a kan abin da ka faɗa ranar shiga. In an rubuta gidan en dur, wato na siminti, alhali rabinsa banko ne da aka shafe da siminti, ko ana ajiye jarkokin esansi na sayarwa a zaure, ko an mayar da ɗaki shagon ɗinki ko wurin niƙa ba a sanar ba, kamfani zai tayar da maganar. In ya tabbatar da gangan aka ɓoye, aya ta 18 ta rushe yarjejeniyar gaba ɗaya. In kuskure ne, aya ta 19 ta ce a rage diyya gwargwadon kuɗin da ka biya a kan wanda ya kamata ka biya. Tabbatar da mugun nufi nauyin kamfani ne. Haka nan duk sharaɗin da ke fitar da wani abu daga kariya, aya ta 8 ta ce sai an buga shi da haruffa masu fitowa sosai kafin ya yi aiki. In an ƙi biyanka, ka ce a nuna maka layin da shafinsa a rubuce.

4. Rarraba iyakokin

Ɗauki takarda ka ja layi uku: sunan sashe, iyakarsa, da franchise ɗinsa, wato abin da kai za ka ɗauka daga asarar. Kwafe su daga teburin garanties ɗaya bayan ɗaya. Kowane sashe tukunyarsa daban, ba a ɗibar ta gini a cika ta kaya. Wanda takardarsa ta ce miliyan 15 zai iya tarar da miliyan 12 ne na gini, bâtiment, miliyan 3 na kaya, contenu ko mobilier. In kayan da suka ƙone sun kai miliyan 6, miliyan 3 ce ƙarshen magana, ko da ginin bai cinye nasa ba.

A ɓangaren gini, fili ba ya ciki. Gida a bakin titi kusa da kasuwar Dole na iya yin tsada saboda wurinsa, amma kamfani kuɗin bulo da siminti da tol da ƙwadago kawai yake ƙirgawa. Karanta yadda aka fassara bâtiment a littafin sharuɗɗa: katanga, ƙofar gida ta ƙarfe, ɗakin girki da makewayin da ke waje, rumfa, tankin ruwa, farantan sola da baturansu, wasu yarjejeniyoyin sun haɗa su, wasu sun kira su dépendances sun ba su ƙaramar iyaka, wasu sun bar su. Ɗakunan da aka ƙara bayan sa hannu, kamar sashen amarya, in ba a yi avenant ba, suna jawo matsala iri biyu: ko a ƙi ƙirga su cikin asara, ko a ƙirga su cikin darajar gidan a rage maka diyya, kamar yadda za a gani a mataki na 7.

A ɓangaren kaya akwai ƙananan iyakoki a cikin babbar. Zinariya da sauran kayan ado, objets de valeur, yawanci an tsayar musu da wani kaso na kuɗin kaya. Tsabar kuɗi galibi ba a biya. Babur da mota na ƙarƙashin tasu inshorar. Hajar kasuwa da aka ajiye a gida, atamfofi, buhunan wake ko gero na sayarwa, ba kayan gida ba ne a idon kamfani. Dabbobin tsakar gida ma haka.

Kayan ɗakin mata na bukatar kulawa. Gado, katifa, kujeru, kwabet da kwanukan jere mallakar matan ne, sau da yawa kuma su ne mafi yawan darajar abin da ke gidan. Duba ko fassarar assuré, wato wanda inshorar ke karewa, ta haɗa da duk waɗanda ke zaune a gidan. In ta haɗa, a rubuta kayan kowace a jeri dabam da sunanta, don in kuɗi ya fito bai kai ba a san yadda za a raba da adalci.

5. Jerin asara

Ana kiransa état des pertes, kuma yarjejeniya ta faɗi kwanakin da za ka miƙa shi. A yi shi ɗaki ɗaki, tare da mai ɗakin. Kowane abu a layinsa: sunansa, iri ko marka, yawa, shekarar saye, farashinsa yau a kasuwa, da hujja. “Kayan falo, miliyan 1” ba ya wucewa. “Kujeru saiti ɗaya mai zama bakwai, an saya 2021” yana wucewa. Kada a manta ƙananan abubuwa, tabarmi, darduma, labule, tukwane, tufafin yara, littattafan makaranta, domin a haɗe suna da yawa.

Faktir sun ƙone, mun sani. Koma wurin ɗan kasuwar ya ba ka kwafi, ko takardar farashin irin kayan a yau. Hotunan biki da na suna da ke wayoyin dangi suna nuna jeren ɗaki ƙarara, a tattaro su. Ga gini, nemi devis, wato takardar lissafin kuɗin aiki, daga magini ko ɗan kwangila mai hatimi, wanda ya rarraba: bulo nawa, siminti tan nawa, rodi, tol, katako, ƙofofi da tagogi, wayarin, famfo, fenti, ƙwadago, da jigilar yashi da ruwa. Devis biyu sun fi ɗaya.

Gargaɗi: kada ka ƙara ko abu ɗaya da babu. Kusan kowace yarjejeniya na da sharaɗin cewa wanda ya kumbura asara da gangan ko ya kawo faktir na bogi ya rasa diyyar duka. Mai ƙiyasi na neman ƙarfen kowane firigo a cikin toka. Miƙa jerin da hujjojinsa, a buga maka hatimi da rana, saboda daga ranar ne agogon mataki na 10 ke fara tafiya.

6. Ranar mai ƙiyasi

Kamfani ne ke aiko expert, shi ke biyansa. Ka kasance a wurin, da maginin da ya yi maka devis. Ku auna tare, tsawo da faɗin kowane ɗaki. Ka nuna masa abin da ido ba ya gani da sauri: bangon da ke tsaye amma wuta ta dafa shi yana marmashewa in an ƙwanƙwasa, dal da ta tsage, rodin da ya fito, tushen da ruwa ya zaizaye ƙarƙashinsa. Wannan na da muhimmanci domin duk abin da ya rubuta cewa ya tsira, sauvetage, za a cire shi daga asararka.

In ya ba ka takarda ka sa hannu, karanta, ko ka sa wanda ka amince da shi ya karanta maka. In shaidar halarta ce kawai, ba laifi. In ta ƙunshi adadi kuma ba ka gamsu ba, rubuta sous réserve, wato kana da sauran magana, da dalilinka kafin sa hannu. Nemi kwafin rahotonsa.

Kana da damar ɗaukar naka mai ƙiyasin. Kai za ka biya shi, sai in teburinka na da layin honoraires d'expert, wanda shi ma yana da iyaka. A ganinmu, in gida ne gaba ɗaya ya tafi, ɗaukarsa ya fi rashinsa, amma a rubuta ladansa tun farko. In su biyun suka saɓa, yarjejeniyoyi sun tanadi na uku, ku raba kuɗinsa biyu da kamfani.

7. Lissafin kansa

Tushensa aya ta 31: diyya ba ta wuce darajar abin a ranar da ya lalace. Ga misali, adadin namu ne don bayani. An yi wa gini inshorar CFA miliyan 12. Mai ƙiyasi ya ce sake gina shi sabo yau miliyan 25 ne. Wuta ta ci kashi 80 cikin 100, tushe da katanga da ɗaki ɗaya sun tsira. Gyaran abin da ya lalace ke nan miliyan 20.

Ragi na farko, tsufa, vétusté. Ya sa kashi 20 cikin 100. Asara ta koma miliyan 16, darajar ginin duka a ranar kuma miliyan 20. A nan akwai wurin jayayya. Tsufa ba ɗaya ba ne a ko'ina: rufin da aka canza bara ba zai ɗauki kason bangon da ya shekara 20 ba. Nemi a raba shi sashe sashe, ka kawo shaidar duk gyaran da ka yi. A kayan lantarki ragin ya fi tsanani, kuma sau da yawa akwai jadawalinsa na shekara shekara a littafin sharuɗɗa. Duba ko shi aka bi, da ko akwai kason da ba a wucewa.

Ragi na biyu shi ne wanda ya fi ba mutane mamaki, règle proportionnelle, aya ta 35. Gini ya kai miliyan 20, kai ka yi inshorar miliyan 12, wato kashi 60 cikin 100. Doka ta ɗauka sauran kashi 40 kai ka ɗaukar wa kanka. Don haka a kowace asara kashi 60 za a biya: miliyan 16 sau 12 a raba da 20, ya ba da miliyan 9 da jika 600. Lura cewa an yi ragin duk da asarar ta wuce miliyan 12. Da ginin ya tafi ƙurmus ba abin da ya tsira, lissafin zai kai miliyan 12 cif. Shi ya sa maganar abin da ya tsira a mataki na 6 kuɗi ce tsagwaronta.

Yawancin masu faɗawa wannan ba da niyya suka yi ba. Sun rubuta abin da suka kashe lokacin gini shekarun baya, ko adadin bashin banki, kayan gini suka yi ta hawa, adadin bai motsa ba. Kafin ka amince da ragin, nemi abu uku a takardunka. Ko an rubuta abrogation de la règle proportionnelle ko premier risque, wanda ke nufin an yafe ragin, za a biya asara har zuwa iyaka. Ko akwai indexation, da ke ɗaga adadin kowace shekara. Ko akwai tolérance, sassauci in gibin bai wuce wani kaso ba. Sannan ka binciki miliyan 25 ɗin kansa: in mai ƙiyasi ya kumbura darajar gidan duka, ko ya cusa fili ko abin da yarjejeniya ba ta ɗauka ba, kasonka ne ke raguwa.

Ragi na uku, franchise, abin da aka amince kai za ka ɗauka a kowace asara. Wani adadi ne tsayayye, wani kaso ne mai iyakar ƙasa da ta sama. A misalinmu jika 250. Abin da ya rage miliyan 9 da jika 350, gyara kuma miliyan 20. Wannan gibin shi za ka tsara ginin da shi, kafin ka ba magini izinin fara aiki.

In takardarka ta ce valeur à neuf, ana mayar maka da kuɗin tsufa, amma da sharuɗɗa. Galibi ana fara biyan darajar bayan ragi, cikon sai ka sake gini a wurin ka kawo faktir, sau da yawa cikin shekara biyu, kuma cikon ba ya wuce rubu'in darajar sabo. Wanda ya karɓi kason farko ya sayi fili a wata unguwa na iya rasa cikon. Ajiye kowane rasi, har na mai kurar ruwa da mai tifar yashi.

8. Kuɗaɗen gefe da ake mantawa

Koma teburinka ka nemi waɗannan layuka, don in ba ka nema ba da wuya a tuna maka. Frais de déblais, kuɗin rushe abin da ya rage da kwashe ɓaraguzai. Perte d'usage ko relogement, kuɗin hayar inda kuka koma, wanda ake iyakancewa da watannin da mai ƙiyasi ya ce gyara zai ɗauka. Ko gidan ɗan'uwa kuka koma kuna biya, a rubuta takardar haya da rasi. Perte de loyers, ga mai gidan da ƴan haya suka tashi.

Sai recours des voisins et des tiers. A Birni da Zango, inda bango ke jingine da bango, wuta ba ta tsayawa gida ɗaya. In ta tsallaka, wannan layin ne ke biyan maƙwabci, da tasa iyakar. Gargaɗi: ka je jaje, ka taimaka da abin da za ka iya, amma kada ka sa hannu a takardar ɗaukar alhaki ko alkawarin adadi, ko a gaban mai unguwa ne, ba tare da kamfani ba. Irin wannan amincewa ba ta ɗaure kamfani. Haka in wutar daga wani ta zo, kada ka rubuta cewa ka yafe kafin ka yi magana da su, domin aya ta 42 ta ba kamfani damar bin wanda ya jawo asarar, in ka toshe masa hanya yana iya rage abin da zai ba ka.

9. Tayi da sa hannu

Nemi tayin a rubuce, layi layi: asara, tsufa, ragin aya ta 35, franchise, iyaka. Ɗora shi kusa da teburinka da devis ɗinka, ka bi da kalkuleta. In ana jayayya a kan wani sashe, nemi acompte, wato a ba ka abin da ba a saɓa a kansa ba tukuna.

Gargaɗi: takardar karɓar kuɗi mai ɗauke da pour solde de tout compte na nufin an rufe magana. Matsin haya da na iyali kan sa mutum ya sa hannu don ya huta. In akwai sauran cikon valeur à neuf ko kuɗin haya, a rubuta a jikinta cewa suna nan.

In gidan jinginar banki ne, aya ta 43 ta ba bankin fifiko a kan diyyar. Je ka same su tun kafin kuɗi ya fito, ku rubuta ko za a cire bashin ne ko za a saki kuɗin kashi kashi don gini. In kana da inshora biyu a kan gida ɗaya, sanar da kowane kamfani, ba a biyan asara ɗaya sau biyu.

10. In an ƙi, ko an yi shiru

A gobara, aya ta 46 ta ba ka makami. In wata uku suka cika daga ranar da ka miƙa jerin asara da hujjojinsa, ƙiyasi bai ƙare ba saboda kamfani ko mai ƙiyasinsa, kana iya aika sommation, wato takardar gargaɗi, ta hannun huissier don kuɗin jinkiri ya fara hawa kansu. In wata shida suka cika, kowane ɓangare na iya zuwa kotu.

Kafin kotu, rubuta wa hedikwatar kamfanin, ba reshe kaɗai ba, ka jera lambar fayil, ranaku, da layin da kake ƙalubalanta. In ba amsa, kai ƙorafi ofishin da ke sa ido kan kamfanonin inshora a ma'aikatar kuɗi a Yamai, da kwafin komai. Asalin takardu su zauna a hannunka. In ta kai ga shari'a, aya ta 30 ta ce a maganar gini kotun inda ginin yake ce ke da hurumi, don haka gidan Damagaram a Damagaram za a yi shari'arsa.

Gargaɗi na wa'adi: aya ta 28 ta ba da shekara biyu daga faruwar abin, bayansu haƙƙin ƙara ya faɗi. Zirga-zirga zuwa ofis da “ka dawo mako mai zuwa” ba sa tsayar da wannan ƙirga. Abin da ke katse ta, a aya ta 29, shi ne naɗa mai ƙiyasi, shigar da ƙara, ko wasiƙar neman biya da ka aika ta gidan waya recommandée avec accusé de réception. Aika irin wannan wasiƙa duk bayan wata shida muddin fayil na buɗe, ka manna katin da ya dawo da sa hannunsu a cikin fayil ɗinka.